Baba Na'iya Mai Igiyar Rabon Gona

Da an sallame sallar asuba a Tambuwal, kafin mata su fara surfe, za ka ga Baba Na'iya duƙe a ƙofar zaurensa. Turaku biyu ya kafa a wurin tun ba a haife ni ba, tsakaninsu gaba goma cif. Kullum sai ya ɗaura igiyarsa ta rama daga wannan turke zuwa wancan. In ta sha raɓa ta takure, ko ta tsufa ta saki, nan yake ganewa, ya kwance ƙullin ya gyara. Sai ya gama yake shan kunu, ya hau jakinsa ya nufi gonar da aka kira shi, ko Jabo ce ko can Kebbe.

Aikinsa rabon gonar gado. Alƙali yakan faɗi mai rabi da mai tumuni, ya naɗe buzunsa. Amma tumuni ba ya fitowa a ƙasa da kansa. Sai wani ya shiga cikin ƙaya ya ja igiya, magada na bin sa da ido kamar ɓarawo. Shekara arba'in Na'iya yana wannan. Bana gwiwoyinsa sun ƙi, ya ce daga wannan damina ya ajiye. Shi ya sa na jiƙa tawada, ko da yake karatuna bai yi nisa ba.

Da wuri na jingine allo na bi fatake. Abin da na riƙe kaɗan ne, amma ban manta ranar da malaminmu ya ce a Larabci saiwa ɗaya ce ta haifi kalmar daidaita sahu, da ta tsayuwar rana tsaka, da ta rabo daidai wa daida ba. Na taɓa kawo wa Baba wannan don in burge shi. Ya yi dariya ya ce, "Malaminku ya yi gaskiya. Sai dai shi cikin inuwa yaka faɗin ta."

Mutanen Kebbe sun shaida ranar da wani mai hali ya aika masa da rago ana gobe rabo. Na'iya ya ja ragon har gonar, ya ɗaure shi a gaban magada duka, ya ce, "Wani ya ɓatar da dabba tai, shi zo shi kwance." Ummu, matar wani mamaci a Jabo, ta shaida cewa tumuninta a bakin rijiya ya yanka mata shi, don ya ga tana ɗingishi.

Ni ma shaida ne. Mahaifinmu Sambo ya rasu da rani, ya bar mana gona ɗaya a hanyar Jabo, ni da yayana Ɗangiwa. Shi ya noma ta da mahaifinmu duk shekarun da nake yawo. Ni kuwa so nake a yanka mini rabona in sayar in kama hanya. Muka yi faɗa har muka daina cin tuwo a akushi ɗaya, kuma na rantse in na fita ƙofar ganuwa ba ni da ɗan'uwa a garin.

Muka je wurin Na'iya, kowa ta hanyarsa, muka haɗu a ƙofar zaurensa. Na ce, "Baba, gobe nika so a ja igiya."

"Gobe? Gonar gudu za ta yi, ɗan Sambo? Ba ni rabo da rani. Da rani kowace ƙasa ƙarya taka yi."

Ɗangiwa ya ce, "Ƙyale shi, Baba. Wanga bai san gero ba sai cikin akushi."

Wata biyu na jira ina cizon yatsa. Da aka yi ruwa mai ƙarfi ya aiko mu zo. Ya tuɓe takalmi ya taka gonar tun hantsi har azahar, mu muna biye. Gabas ruwa ya kwanta, ƙasa baƙa. Yamma jigawa ce, ruwan ya wuce kamar bai sauka ba. Ya ja igiya, ya ce rabon yamma igiya shida, na gabas fuɗu.

Na daka tsalle. "Shida da fuɗu shi ne daidai?"

Sai ya duƙa. Ya ɗebo ƙasar gabas ya dunƙule, ta tsaya. Ya ɗebo ta yamma ya dunƙule, ta zube. Ya ce, "Igiya tsawo taka gani, ba ta ganin ciki. Gero za ka ci ko igiya?"

Kuma bai zaɓa wa kowa ba. Ya karɓi kara a hannuna, tsakuwa a hannun Ɗangiwa, ya tsayar da wata mai tallar nono da ba ta san mu ba, ya ce ta ajiye ɗaya gabas ɗaya yamma. Karana ya faɗa yamma. Babu wanda ya iya cewa an cuce shi.

Saura ɗorawar da ke tsakiyar gona. Kowa ya ce tasa ce. Na'iya ya dasa gambar iyaka ya bi da ita ta gindin itacen sak. Ya ce, "Wagga ba ta rabuwa. In ta yi ɗiya, ɗaya shi hau, ɗaya shi tsinta. Mai son sayarwa shi gaya ma mai saye, da rabin icce da ɗan'uwa aka haɗa mai."

Na ɗaga kai na dubi ɗorawar. Ɗangiwa ya kau da kai, amma na ga kafaɗarsa na rawa don dariya. Ban sayar ba.

Kai ne, Baba, wanda ya san ba ƙasa kaɗai ake rabawa a ranar gado ba. Kai ne ka sha zagin masu gaggawa irina ba ka rage ko taki ɗaya ba. Na'iya mai igiya, ba a saye ka da rago. Na gode. Allah Ya sassauta maka gwiwa, Ya auna maka da mudun da ya fi wanda ka auna wa mutane.

Ku kuma samarin Tambuwal da Kebbe, mutuwa ba za ta daina ba don Na'iya ya gaji. Dole wani ya karɓi aikin nan tun tsohon yana da bakin koyarwa. Na riga na gaya masa ni zan fara, kuma ya ce sai na iya tsayawa wuri ɗaya har ruwa ya sauka. Zan tsaya. Wanda ke shakka ya tambayi Ɗangiwa: bazara uku ke nan ina saman ɗorawa yana ƙasa yana zagina wai ina zubo masa ɗanye, in mun gama mu koma gida a kan jaki ɗaya.