Motar Baba ta yi harbi a shingen sojoji

Jama'a, yau saura ƙiris tsohuwar motar Baba ta sa a harbe ni.

Kwana biyun nan, da na taka totur sai ta shaƙe tana fizga. Na ɗauko Ya Modu makanike daga Bolori, ya ce sai ya ji ta a kan titi. Muna barin shingen sojoji na taka. Ta shaƙe, sai salansar motar ta ce tau! tau!

Masu tafiya a ƙasa duk suka kwanta. Wani soja ya saita mu da bindiga. "Ku fito, hannu sama! Wa ya yi harbi?"

Ya Modu ya ce, "Oga, wallahi mota ce."

Sojan ya ce, "To ta sake mu ji."

Na koma ciki na taka tana tsaye. Lafiya lau, ko tari babu. Na ƙara takawa, ba ta ce komai ba.

Ya Modu ya ce, "Oga, a tsaye ba ta yi, sai tana ja. Mai ne ba ya isa kafireta."

Sojan ya shiga kujerar baya da bindigarsa, ya ce in ja. Na sa giya ina salati, ina roƙon Allah ya sa ta shaƙe. Na taka. Tau!

Ya yi tsaki ya sauka. "Ku je ku wanke kafiretar nan kafin ta kashe ku."

Kullum zagin motar nan nake yi. Yau kam sai da na sa mata albarka.