Hannun Kawu da Tiyon Birki

Bayan na gama bautar ƙasa na zauna a gidan kawuna a Agege, ina zuwa wani ɗan aikin ofis a Ikeja. Motocin haya na danfo na jigata ni, okada kuma tsoro take ba ni, sai na sayi keken gwanjo mai kaurin taya, irin na hawan duwatsu. Birkinsa ba na waya ba ne. Mai ne ke bi ta wani siririn tiyo daga hannun birki zuwa ƙafa, ya sa takalman birki su damƙe wani faifan ƙarfe. Da damina na lura tiyon gaba ya goge a inda yake gugar jikin keken, mai na tsattsafowa. In na matsa, sai hannun ya kusa taɓa yatsuna kafin ya kama. A titin Legas wannan ba abin wasa ba ne.

Na yi odar sabon tiyo. Ya zo da ɗan zoben tagulla guda, da wata ƙusa mai rami, da ƙaramar kwalbar mai. Na kalli bidiyon gyaran a waya har na kusa haddace shi, duk da haka ban ce na iya ba. Abu biyu suka tsaya min a rai. Zoben in an matse shi a karkace ba ya sake moruwa, kuma ba ni da wani. Takalman da faifan kuwa ba sa shiri da maiƙo. In ya taɓa su, birki ya tashi daga aiki.

Kawu mahauci ne a mayankar Oko-Oba.

Ranar Asabar na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida da hantsi, ina fatan gamawa kafin ya dawo. Na cire ƙafar gaba, na zare takalman na jera su a kan farar takarda, na kwance tsohon tiyon. Sabon na auna shi, na sake aunawa, na karya kan keken hagu da dama kada ya yi gajere, sannan na yanke da reza. Ina jin awon nan ne ya cinye min lokaci. Ina ɗaga kai sai ga Kawu da ledar nama a hannu.

"Sannu da aiki, Injiniya. Wa ya yanka maka shi, har ka fara fiɗa?"

"Sannu da dawowa, Kawu. Tiyo nake canzawa."

"Ga hanjin nan kuwa a ƙasa," ya ce, yana taɓa tsohon tiyon da ƙafa. Ya ajiye ledar, ya tsuguna, ya miƙa hannu wajen farar takardar. "Waɗannan kuma ƙoda ne?"

A unguwarmu ba a wuce mai aiki ba a sa masa hannu ba, zumunci ne. Hannun Kawu kuwa tun asuba yana cikin kitse, har sheƙi yake. Mutumin da ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ban san da wane baki zan ce masa kada ya taɓa ba. In na yi shiru kuma, ranar Litinin ba ni da birki.

"Kawu, don Allah minti ɗaya," na ce, na naɗe takardar da abin da ke kanta na shige gida da ita. Ban tabbata na shirya abin da na yi ba, ƙafafuna ne dai suka kai ni madafa. Na fito da buta da roba da sabulu, na durƙusa a gabansa yadda nake yi in zai ci abinci.

Ya dubi robar, ya dube ni. "To ina tuwon?"

"Aikin na mutum biyu ne, Kawu. Ni kaɗai ba zan iya ba. Sai dai keken ba ya son kitse."

"Keken da ba ya son kitse a gidan mahauci!" Ya yi dariya har hularsa ta goce. "Zuba, oga. Na ga Alhazawan da likita ya hana, ban taɓa ganin keke ba."

Na zuba, ya cuɗa har gwiwar hannu, ya nuna min tafukansa kamar za a duba shi a makaranta.

Na zura notin da na cire daga tsohon a sabon tiyon, na bi shi da zoben, na buga ƙusar a bakinsa a hankali. Kawu ya riƙe min kan keken. Na tura tiyon cikin hannun birki har ya tsaya, na yi bismillah, na ɗaure da sifana. Zufa ta jiƙa min riga. Na duba ta kowane gefe, kamar dai a miƙe ya zauna.

Saura fitar da iskar da ta shiga tiyon. Na cika sirinji da mai na haɗa ta ƙasa, na ce masa in na ce matsa ya matsa hannun, in na ce saki ya saki.

"Yau ni ne yaron shago ke nan?"

"A'a, Kawu, ai..."

"Abeg, ba da oda, rana na yi."

Matsa, saki, matsa, saki. Ƙananan kumfa suka riƙa hawowa cikin man ɗaya bayan ɗaya, Kawu na yi musu sannu da zuwa, har suka daina. Na toshe, na goge ko'ina da tsumma mai tsabta, na mayar da takalman da ƙafar. Na matsa hannun, ya tsaya da tauri tun a rabin hanya. Na sake matsawa, na shafa gindin notin da yatsa. A bushe yake.

Kawu ya je tsakiyar layi ya ware hannuwa. "Taho da gudu. In ya kama, mu gani."

Na ce ban ga hikimar hakan ba. Ya ce hikima tana makaranta, nan Agege ne. Na hau, na taho a hankali, na matsa tun yana can nesa. Keken ya tsaya cak, har na ɗan zamo gaba.

"Kai, tun daga tashar jirgin Iddo ka kama birki!" ya ɗaga murya. "Koma ka sake."

Na koma. A karo na biyu na bari na matso har ina ganin furfurar gemunsa, sannan na matsa, ya kama.