Saniyar da Ta San Hanyar Binuwai

Ni dai tun da aka haife ni a 'yar rugarmu kusa da Gafasa, ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne kogin Wudil, shi ma ta tagar mota. Amma ka tambaye ni kogin Binuwai, sai in ba ka labari kamar a can aka binne cibiyata. Duk a bakin Baffa na ji, wato mahaifina.

Baffa makiyayi ne. Da an kawar da amfanin gona, ciyawa ta fara bushewa, sai ya kaɗa shanu su yi kudu, ba mu ƙara ganinsa sai hadari ya fara haɗowa. Ni kaɗai ne namiji a gidan, don haka ni ake bari da Inna da gona. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Baɗi da kai za a tafi." Baɗin nan na yi ta jiranta har na yi gemu.

In ya dawo, sai ya zauna a gindin darbejiya ya zana mini ƙasar nan da bakin sanda. Nan shimfiɗaɗɗiyar ƙasarmu ce, ko tudun kirki babu. Nan duwatsun Ningi. Ya ce duk ruwan da ya sauka a wajenmu gabas yake nufa, ya bi ta Haɗeja yana neman tafkin Chadi. Amma da ka hau tudun Jos, inda sanyi ke sa shanu su cure wuri guda, sai ka ga ƙoramu sun juya maka baya sun gangara kudu. Ka bi su, ka wuce dutsen Wase da yake tsaye shi kaɗai kamar turmi a tsakar gida, sai Binuwai. Ya ce in mutum ya tsaya a waccan gaɓar, ba ka gane namiji ne ko mace. Can gaba kuma Binuwai ya haɗu da kogin Kwara su tafi teku tare. Ni kuwa in saki baki, ƙuda na shiga.

Abin da wanda bai yi kiwo ba bai sani ba, a doguwar tafiya ba mutum ne a gaba ba. Akwai uwar garke, saniyar da sauran suke bi. Ita ta san mashaya, ita ta san inda ake ƙetare rafi ba a nutse a laka ba. Tamu wata fara ce mai karkataccen ƙaho, tun tana karsana take bin hanyar. Baffa da kansa yakan ce akwai wuraren da shi ma ita yake bi.

To, shekarar da aka ce lallai da ni za a tafi, har na sayi takalmin roba, sai ɓarin jikin Baffa ya shanye. Aka ce a bari ya ji sauƙi. Kafin nan hanya ta lalace, sai labarin rigima da satar shanu ake kawowa. Burtalin ma, wato hanyar da aka bar wa dabbobi tsakanin gonaki, aka yi ta gutsurarsa, wannan ya ci kunya ɗaya, wancan ya ci biyu, har ya zama ko akuya sai ta karkace. Ba na zagin kowa, ni ma manomi ne. Mutane sun ƙaru, ƙasa ba ta ƙaru ba. Amma wallahi abin yana ci mini rai.

Garke ya yi ta raguwa, saura 'yan ƙalilan a turke. Ni mai yankan ciyawa, ni mai ɗebo ruwa, ni mai juya Baffa a shimfiɗa. Su a ɗaure da igiya, ni a ɗaure ba igiya. Ban taɓa yarda a sayar da farar nan ba, don a raina muddin tana nan, hanya tana nan. Baffa ba zai iya nuna mini ba, amma ita za ta iya.

Ita ma ba ta manta ba, 'yar nema! Da kaka ta yi, sai ta daina cin kirki, ta juya fuska kudu, ta yi ta jan igiya tana kuka har wuyanta ya saɓule. Wata safiya na tafi gona, ta tumɓuke turken ta kama hanya. Na bi sawu a guje, ban sha wahala ba, don tsohon burtali ta bi sak. Ban yi nisa ba na tarar da ita a tsakiyar waken wani maƙwabcinmu, inda ya tare hanyar da shingen ƙaya. Ta ɓalla shingen, ta tattake waken, amma ko ganye ɗaya ba ta ci ba.

"Malam, nan fa burtali ne," na ce masa.

"Da can," in ji shi. "Ni a haka na gada."

Na ba shi haƙuri, haƙurin da ba ni da shi. Ta sake, na sake bayarwa. Da abin ya yi yawa, mai unguwa ya aiko cewa a rabu da ita tun kafin a yi abin da za a yi da-na-sani. Na cika na yi fam, na ce ba inda za ta. Baffa ne ya kira ni ɗaki, da bakinsa da ya karkace ya ce, "Kirawo dillali. Kai ma ka san ba za ka ba."

Ban taɓa jin haushinsa irin na ranar ba, don gaskiya ya faɗa.

Dillalin ya zo, ya duba haƙora, ya ce ta tsufa, sai dai fataken da ke lodin kudu. Baffa ya sa aka fito da shi ƙofar ɗaki. Bai tsaya ciniki ba, tambaya ɗaya ya yi.

"Motar ta ina za ta bi?"

"Ta Makurɗi, Baffa."

"Za ta hau gadar Binuwai ke nan?"

"Dole."

Baffa ya ce, "To don Allah a ɗaure ta daga gefe, inda za ta ga ruwa."

Ni na ja ta har bakin titi. Duk saniyar da za a loda sai an yi dambe da ita, ana ja ana duka. Ita kuwa da ta ga inda motar ta sa gaba, da ƙafarta ta hau. Ko waiwayona ba ta yi ba, marar mutunci.

Na tsaya har motar ta ɓace, igiya a hannuna. Sannan na juyo gida, don lokacin juya Baffa ya yi.