Kawu Sahabi da Lambobin Masu Gida

Duk wanda ya taɓa gai da Kawu Sahabi a kafensa na intanet da ke Aboabo ya san ba ya cewa lafiya lau. Sai dai ya ɗaga kai ya ce, "200." Wai haka kwamfutar da ke riƙe da shafin intanet take amsa wa taka in komai daidai ne, to shi me zai sa ya ɓata yawu?

Masu gida yake kiran waɗancan kwamfutoci. In allo ya nuna 404, sai ya ce, "Ka yi sallama, an ce babu mai wannan suna. Duba adireshinka." In 403 ce: "Yana ciki, ya hango ka ta taga, ba za a buɗe ba." Wata rana tela maƙwabcinsa ya tarar da shi yana cin shinkafa da wake, ya ce, "Sahabi, ba tayi?" Kawu ya rufe kwano. "403."

Har matarsa Inna Fati ta koya. Ya dawo yana neman tuwo, ta ce, "503. Masu gida sun gaji, a dawo an jima." Ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Ni kuwa 500 ce ba zan manta ba. Ranar da za a rufe neman gurbin makarantar jinya na cike fom a kafensa, na danna, allo ya ce 500. Babana ya riga ya ce in na rasa bana, sai zaman shago. Na miƙe ina hawaye.

"Ina za ki?"

"Kawu, sun ƙi ni."

"Wa ya ƙi ki? Lamba mai farawa da huɗu laifinki, mai biyar laifin masu gida. Tukunyarsu ce ta kife. Zauna."

Ya hana kowa kujerar nan, kwastomomi na ta ƙunƙuni, har la'asar. Muka sake dannawa, fom ya shige. "200," in ji shi, yana share ido, wai mura ce. Da wannan zaman na zama nas.

Bayan rasuwarsa wani tsohon kwastoma ya tare ni yana tambayarsa. Na kusa cewa 404, sai na tuna da faɗansa, ai ba ɓata ya yi ba. Na ce, "301," lambar shafin da ya koma sabon gida har abada. Mutumin ya gane, ya yi masa addu'a.

Wallahi ina kewarsa. Allah ya jiƙan Kawu. Ƙofar da ya je ya yi sallama, Allah ya sa a amsa masa da 200.