Ranar da Aka Zo Haƙar Zinari a Gonar Albasata

Ban taɓa zama aji ba, amma daga Danchadi har Lambara, in na buɗe baki a gidan biki, mai daka ma ajiye taɓarya take yi. Baiwa ce, ba ni na ba kaina ba.

Ɗana yana kai albasa kudu. Wata dawowa ya zo da ɗan littafi, ya ce wasu samari masu fararen riguna da ke yawo biyu-biyu suka miƙa masa a tasha, ya ji nauyin ƙin karɓa. Matarsa malamar firamare ce a Bodinga. Ta duba ta ce tarihin wani Ba'amurke ne, wanda ya kafa addinin da ake kira Momon. Na ce ta juya mini shi da Hausa ina gyaran zogale.

Wai yana saurayi, ɗan manoma, mala'ika ya nuna masa wani tudu kusa da gonar ubansa. Ya haƙa, ya ɗaga dutse, sai ga faranta na zinari da rubutu a jiki. Na ce to, mu muna da namu, Allah Shi ne masani. Amma labarin ya yi daɗi, kuma mai daɗi ba ya kwana a cikina.

Washegari muna fadama, mata cike, ana cire ciyawa. A wurinmu ba a tatsuniya da rana, kuma sai an buɗe ta da gatanan gatananku, kowa ya san ƙarya za a sha. Ni kuwa ban buɗe da shi ba, don abin da wasu suka riƙa addini ba na mayar da shi wasan yara. Na fara kawai. Ga shi ban iya labari da baki kaɗai ba. Da na zo kan tudu, na nuna wanda ke bakin gonata na ce, "Awa wanga," wato kamar wannan. Ban kai ƙarshe ba aka kira la'asar, aka watse.

An ji shi da rana, babu gatanan, ga yatsa. Kafin ya zaga ƙauyuka, Amurka ta faɗi a hanya.

Wata safiya na iso na tarar da maza da diga da shebur a gindin tudun, daidai inda na yafa irin albasata. Suna haƙa suna watsa ƙasa a kan fangaloli, suna tattake 'yan tsiron. Irin nan shi ne noman ranina gaba ɗaya, in ya mutu lokacin sake yafawa ya wuce. Jagoransu ƙanin marigayi mijina ne, tsoho da furfura har gira.

"Matar yaya," ya ce, "ashe bisa dukiya kike kwana kina ba mu tuwo lami?"

"Wa yac ce maka?"

"Ke kinka nuna da yatsa."

Na ce a Amurka aka yi abin. Ya ce ko shi ya samu, Amurka zai ce. Na rantse, suka ƙara ƙaimi.

Sai na ɗaure zane, na hau tudun, na ɗauko labarin tun daga tushe. Ban taɓa ba da labari kamar ranar ba. Na yi muryar saurayi, na yi nishin ɗaga dutse, har na kare idona daga ƙyallin zinari. Ɗaya bayan ɗaya suka jingina da diga, baki sake. Sannan na kai su inda matan ba su ji ba: da ya gama juya rubutun farantan ya zama littafi, mala'ikan ya karɓe kayansa.



"Duka?" in ji ƙanin mijina.

"Duka. Ko na ɗan kunne ba a bar mai ba."

"To mi ya rage mai?"

"Littahi."

Wani da ya hawo babur tun daga Lambara ya zauna daɓas a ƙasa ya nemi ruwa. Dariya ta fara daga baya, ta ci kowa, har ni, sai da na riƙe ciki. Ƙanin mijina yana share hawaye ya ce lalle mutumin ya fi shi haƙuri.

Ban bar kowa ya tafi ba sai da suka kwashe ƙasar da hannu, suka tayar da kunyoyi, suka yi ban ruwa. Irin da ke gefen tudu ya mutu. Sauran ya tashi, na dasa, ya yi kai manya-manya.