Hoton Da Aka Ɗauka A Matattakala

Wata rana da hantsi wani ɗalibi ya faɗo shagona na gyaran waya a bakin ƙofar jami'a, ya jiƙe sharkaf da gumi. Ya dire wayarsa a kan tebur, wai in goge masa komai da komai.

Na duba, waya lafiyarta lau. Na ce ni ba na goge waya sai na ji dalili.

Sai ya zauna, kai a ƙasa.

Wai suna da wani guruf a WhatsApp, samari sun fi ɗari biyu. Aikinsu a laɓe a gindin matattakalar ɗakin lacca, a ɗauki 'yan mata hoto ta baya, a tura, kowa ya ba da maki.

Tir! 'Yan jami'a fa, waɗanda iyaye ke tinƙaho da su a gida.

Ya ce da farko ko buɗe hotunan ba ya iyawa, kunya ta hana shi. Suka sa shi a gaba da tsiya, wai ustazu, wai anya ma namiji ne. Kafin wata uku shi ke riga kowa magana.

Jiya aka turo hoton wata, ba a ganin fuska. Ya rubuta abin da bakina ba zai iya maimaitawa ba. Aka yi ta dariya ana jinjina masa.

Yau da safe aka turo hoto na biyu. Ta waiwayo.

Rumasa'u ce, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya roƙi babansu ya bar ta ta shiga jami'a, da alkawarin zai sa mata ido. Baban ya ce duk ranar da ya ji wata magana a kanta, karatu ya ƙare.

"Wallahi Oga, da na san ita ce, da ko kallo ba zan yi ba."

"Au! Sauran da ka ba maki fa, daga sama suka faɗo?"

 

Na ce masa taka zan iya gogewa, sauran wayoyi ɗari biyun ba sa hannuna.

Ban rufe baki ba saƙo ya shigo wayarsa. Ashe wani a guruf ɗin ya kai wa Rumasa'u, ita ce ta turo hoton abin da ya rubuta, a ƙasa ta ce: "Yaya, wannan ba lambarka ba ce?"

Darasi:

Sha'awa halitta ce, kowa na da ita. Amma abokai ke hura ta, kunya ke riƙe ta. In kunyarka ba ta tashi sai a kan 'yar gidanku, ba kunya ba ce, son kai ne.

Tura wa ɗan uwanka da ke makaranta. In kana cikin irin wannan guruf ɗin, fita yau.