Ramuwar Azumi a Bakin Ruwa

Ban taɓa yin azumi mai wuya kamar na ramuwa ba. Na Ramadan da sauƙi, kowa a Warra bakinsa a bushe yake, mai shayi ya rufe, ko maƙwabtanmu Kambari da ba sa azumi sukan kauce da abincinsu. Yunwar ta gari ce, kai naka kaso kawai ka ɗauka.

Ni masunci ne. Ƙarƙashin tafkin nan cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya cinye tun zamanin iyayenmu, kuma in taru ya maƙale sai an yi nutso. Haka na yi cikin Ramadan, ruwa ya wuce mini maƙogwaro. Liman ya ce in rama.

Bayan Sallah na ɗauka. Ba wanda ya tashe ni sahur, tuwon jiya na ci da sanyinsa. Muka fita da ƙanena, yana zaune a gaban jirgi yana cin ƙosai, har da lasar yatsa.

Rana ta take, taru ya maƙale.

"Shiga ka cire," na ce.

"Yaya, ka san kunnena. In na nutsa sai ciwo."

"Cikinka fa? Shi lafiya lau?"

Ya yi dariya. "To ka bar shi, ka kai azuminka gida Inna ta yi miya da shi."

Tarun nan shi ke ciyar da gida biyu. Na toshe hanci, na datse baki, na shiga. Na kwance shi, amma wajen tasowa numfashi ya ƙare, na haɗiyi ruwa.

Da yamma na sami Liman a ƙofar masallaci. Ya ce wannan ma sai na rama. Na ce Malam, ai ba ƙishi na kashe ba, ruwan laka ne. Ya ce ya sani, kuma Wanda nake yi dominsa ya fi shi sani. Ban ji sanyi a raina ba. Da magariba ko sannu da shan ruwa ba wanda ya ce mini.

Washegari na sake yin sahur ni kaɗai. Na bar jirgi a ɗaure, na baza tarun ƙarƙashin mangwaro ina ɗinke inda kututture ya yaga. Ƙanena ya zo da ƙosansa, na ce ya tafi can nesa ya ci.